Amsoshin Tambayoyinku: Fiyus da Makunnan Ƙarin Fitilun Mota

Mai gabatarwa: To jama'a, lokaci na gudu, mu shiga saƙonni. Har yanzu muna tare da baƙonmu, rewaya, wato mai gyaran wutar mota, da ya daɗe yana aiki a kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas. Wani daga Idi-Araba yana tambaya, fitilar ƙaramar mota za ta yi a tirela?

Baƙo: Ƙaramar mota bolt 12 ce, tirela yawanci 24. Ya duba kwalin, in ba a rubuta tana ɗaukar 24 ba, yana jonawa za ta ƙone.

Mai gabatarwa: Ka ji. Wani mai Keke Napep daga Mile 12 yana so ya sa jiniya da fitila mai walƙiya. Haba malam, kai ba ɗan sanda ba, kai ba motar asibiti ba. Ka rufa wa kanka asiri.

Sai wadda mutane da yawa suka aiko da irinta. Wani direban bas daga Agege ya yanka farantin roba ya jera makunni huɗu da kansa, akwai doguwar fitilar LED mai wat 120 a gaba, da ƙananan fitilun ciki. Yana tambaya: fiyus ɗaya ya isa? Kuma ina zai sa shi?

Baƙo: Ni da zan gan shi, sai in fara tambayarsa wace waya ya saya. Yanzu kasuwa cike take da wayar da in ka kankare ta sai ka ga fara, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Lokacin da muke koyon aiki, waya in ka ɗaga ta sai ka ji nauyi...

Mai gabatarwa: Oga, fiyus fa ya tambaya.

Baƙo: Ai can na nufa. Fiyus waya yake gadi, don kada ta kama wuta. Shi ya sa wurinsa dab da kan batir mai alamar +, tazarar kada ta wuce tsawon tafin hannu. In ka kai shi dashbod, duk wayar da ta taso daga batir zuwa can ba ta da mai gadi. Ramukan titinmu na girgiza mota, waya tana gogar ƙarfe a hudar da ta bi, ran da rigarta ta yage ta taɓa bodi, sai ta yi jawur, fiyus yana can bai san ana yi ba. Ya sa zoben roba a hudar. Kuma ɗaya bai isa ba: babba a wajen batir, sannan kowane layi da nasa ƙarami.

Mai gabatarwa: Direban Agege, bari in maimaita maka. Babban fiyus a kan batir, dab da shi. Sannan kowace fitila da nata. Oga, mai lamba nawa?

Baƙo: Raba wat da bolt. 120 a raba da 12, amfiya 10 ke nan, sai ka sa mai 15, shuɗin nan. Ja 10 ne, rawaya 20, kore 30. Waya kuma mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Kuma kada wutar babbar fitila ta bi ta makunni, zai yi zafi ya narke. Ya sa rile, wato na'urar da makunni ke kunnawa ita kuma ta ɗauki wutar fitilar: ƙafa ta 30 daga batir, 87 zuwa fitila, 86 ta makunni, 85 kuma ta as, wato wayar da ake haɗawa da bodin mota.

Mai gabatarwa: Masu naɗa takardar kwalin sigari ko guntun waya in fiyus ya ƙone, da ku nake. Ni dai ba na shiga motarku. In ya ƙone har sau biyu, akwai abin da ke ƙona shi, a nemo shi, kada a ƙara masa lamba.

Ta ƙarshe, wata Hajiya daga Obalende ta ce tun da ɗanta ya ƙara mata fitilu, kullum da safe sai an tura motar.

Baƙo: Hajiya, kai tsaye ya jona makunnan a batir, wani abu yana kwana a kunne. A ɗauko musu wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli. Kuma ki gaya masa, kafin ya taɓa komai ya fara cire kan batir mai alamar ragi.

Mai gabatarwa: Ana ta yi mini alama daga ɗakin injiniya. Mai tambaya daga Alaba Rago kan ruwa da ke shiga fitila, taka sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.