Jirgin da ke sauka a bakin kogi

Assalamu alaikum jama'a, yau muna Lake Hood, filin ƙananan jiragen sama a birnin Ankorej na jihar Alaska a Amurka. Ku matso ku ga tayar jirgin nan. Inci 35 ce, kuma kun ga da na danna ta da ƙafa yadda ta lotsa? Da gangan ake rage mata iska, don in jirgin ya dira kan tsakuwar bakin kogi, tayar ta lanƙwashe kan dutse maimakon ta sa jirgin ya yi tsalle.

Jirgin Super Cub ne na kamfanin Piper, wanda aka fara ƙerawa a 1949. Mutum biyu yake ɗauka, ɗaya gaba ɗaya baya, jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi. A nan da wuya ka ga wanda aka bari yadda ya fito daga kamfani. Wannan an ƙara wa ƙafafunsa tsawo, an ɗaura masa farfela mai inci 82 da ke fizgar iska tun yana tsaye. Gudunsa a sama ya ragu, amma mai son tashi daga ɗan guntun yashi ba gudu ne damuwarsa ba.

To ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Bari in ɗaga kyamarar. Kun ga ƙananan haƙoran alminiyam ɗin nan da aka jera a saman fiffike? Kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Idan jirgi ya rage gudu sosai, iska takan saki bayan fiffiken, sai ya daina ɗaukar jirgin. Haƙoran nan suna murɗa iskar ta ci gaba da manne wa fiffiken, sai matuƙi ya sauko a hankali, sitiyarinsa na amsa masa.

Kowane watan Mayu ana gasa a garin Valdez, a ga wa zai tashi ya sauka a mafi ƙanƙantar wuri. A 2017 Frank Knapp ya sauka cikin ƙafa 10 da inci 5. Abin mamaki ne, wallahi. Sai dai jiragen gasa irin nasa an rage musu duk wani nauyi, ba sa ɗaukar kaya. Ni wanda nake girmamawa shi ne jirgin aiki, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na garuruwan Alaska babu hanyar mota da ta haɗa su da sauran jihar. Magani, wasiƙa, abinci, marar lafiya, galibi ta sama suke bi.

Kuma ba kowa ke ɗaukar sifana ya canza abin da ya ga dama ba. Jirgin da aka yi wa rajista a matsayin ƙirar kamfani, sai FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta amince da kowane babban gyara, a sake lissafin nauyinsa a rubuta. Ina goyon bayan wannan tsaurin, don rayuka ake ɗauka.

Can gefe ana loda wa wani jirgi ƙirar Cessna 185 kwalaye. Mu ƙarasa mu ga yadda suke raba nauyin.