Gwamnati da Masu Zaman Kansu a Ƙofar Ƙaramin Asibiti Lokacin Annoba

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina, likitoci da ma'aikatan jinya da nake hangowa a sahun gaba, ɗalibai, sauran 'yan uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan yadda gwamnati da masu zaman kansu za su haɗa hannu su riƙe asibitocin da ke kusa da jama'a idan annoba ta ɓarke. Bari in fara da wani zama da aka yi ranar 27 ga Janairun 2020, a wani ɗaki da ke tashar jirgin ƙasa ta birnin Seoul, a Koriya ta Kudu. A ranar, mutum huɗu kacal aka tabbatar suna da korona a faɗin ƙasar. Jami'an lafiya suka kira wakilan kamfanoni sama da ashirin, suka ce musu su je su haɗa kayan gwajin cutar, duk wanda nasa ya yi kyau za a ba shi izini ba tare da jan ƙafa ba. Ranar 4 ga Fabrairu aka amince da na kamfanin farko. Kwana takwas ke nan. Lokacin da cutar ta yi musu rubdugu a birnin Daegu a ƙarshen watan, suna da abin gwaji a hannu, kuma ɗakunan gwaji masu zaman kansu sun riga sun shiga aikin.

Me ya sa suka iya? A 2015 cutar numfashi ta MERS ta shiga ƙasar, ta kama mutum 186, ta kashe 38, kuma mafi yawansu a cikin asibitoci suka ɗauka. Abin ya yi musu zafi, suka koma suka gyara doka, suka buɗe hanyar ba da izinin gaggawa ga kayan gwaji. Saboda haka zaman nan na tashar jirgi ya sami doka tana jiransa, ya sami jami'ai da 'yan kasuwa da suka riga suka san juna. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a kan wannan maganata ta yau za ta tsaya.

Kafin in yi nisa, su wa muke nufi da masu zaman kansu? Da an faɗi haka sai hankali ya tafi ga attajiri da babban kamfani da ke miƙa cek a gaban kyamara. Suna ciki, kuma gudummawarsu ta yi amfani. Amma mai ƙaramin asibiti mai gado goma yana ciki. Mai kemis yana ciki, mai ɗakin gwajin jini yana ciki, asibitin mishan da na ƙungiyoyin addini suna ciki, haka mai motar dakon kaya da mai masana'antar da ke cika tukwanen iskar oksijin. A ƙasashe da yawa na Afirka da kudancin Asiya, idan zazzaɓi ya kama mutum, wajen waɗannan yake fara zuwa kafin ya tuna da asibitin gwamnati. Annoba kuwa inda mara lafiya ya fara zuwa, nan take fara sauka.

Ku tuna da Legas a 2014. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka ba shi da lafiya, aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa. Likita Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata, aka sanar da hukuma. Ita kanta ta kamu, ta rasu a watan Agusta, Allah ya saka mata. Daga nan gwamnati ta ɗauko tsari da ma'aikatan yaƙi da shan inna ta juya su ga bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka mutu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta kuɓuta. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa sama da mutum 11,000 cutar ta kashe. Asibitin kuɗi ne ya tare ƙofa, gwamnati ce ta bi sawu gida-gida. Da ɗaya ya gaza, da aikin ɗayan ya tashi a banza.

To, a nan akwai tambayar da nake so jami'an gwamnati da ke zaune su amsa wa kansu. Idan yau da daddare mai ƙaramin asibiti ya ga mutum biyar da ciwo iri ɗaya wanda bai saba gani ba, wa zai kira? Yana da lambar? Idan ya kira, me zai same shi? A wurare da yawa lokacin korona, abin da ya biyo baya shi ne a zo a rufe masa asibiti na makonni, ma'aikatansa su zauna ba albashi, unguwa ta ƙaurace masa. Wanda ya ga an yi wa maƙwabcinsa haka, gobe shiru zai yi. Ni ban ga laifin tsoronsa ba, ko da yake shirun nasa na iya kashe mutane. Gyaran shi ne a mai da kai rahoto abin da aka saba tun ana zaune lafiya, kuma a sa wa mai kai rahoton abin da zai amfana: kayan kariya, horo ga ma'aikatansa, gwaji kyauta ga majinyatansa, feshin magani cikin kwana ɗaya ko biyu a buɗe masa. Indiya ta wajabta wa likitoci masu zaman kansu kai rahoton tarin fuka tun 2012, kuma sai da aka haɗa da ba su magani da gwaji da ɗan abin ƙarfafa gwiwa sannan rahoton ya fara shigowa da yawa. Doka ita kaɗai ba ta isa ba.

Sai maganar gadaje. A watan Maris na 2020 hukumar lafiyar Ingila ta ƙulla yarjejeniya da asibitocin kuɗi, ta sami gadaje kusan 8,000 da ma'aikata kusan 20,000. Ƙasar Ailan ta ɗauki asibitocin kuɗi gaba ɗaya na wata uku, suka riƙa aiki tamkar na gwamnati, a kan sama da yuro miliyan 100 kowane wata. A ƙasashen biyu daga baya an yi ta ƙorafi cewa an biya kuɗin gadajen da da yawansu ba a kwantar da kowa a kai ba. Jihar Maharashtra ta Indiya ta bi wata hanya a watan Mayun shekarar: ta ce kashi 80 cikin 100 na gadajen asibitocin kuɗi suna ƙarƙashin ikonta, ta ƙayyade abin da za a caji majinyaci, bayan iyalai sun yi ta kukan tsada. Ban ɗora wa kowa laifin gaggawa ba, don a lokacin kowa ya ga yadda korona ta cika asibitoci maƙil a arewacin Italiya. Abin da na lura da shi kawai, dukkansu a tsakiyar gobara suka zauna cinikin guga. Da an rubuta sharuɗɗan tun da wuri, nawa ne kuɗin gado, wane majinyaci za a tura, wa zai biya, cikin kwana nawa, da gwamnati ba ta yi asara haka ba, mai asibiti ma bai zauna yana fargabar bashi ba. Wannan fargabar gaskiya ce. Ƙaramin asibitin da gwamnati ta riƙe wa kuɗi wata shida rufewa zai yi.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan iskar oksijin, don a ganina nan ne darasin ya fi fitowa fili. A farkon korona duniya ta ruɗe da neman na'urar taimaka wa numfashi. Masu ba da gudummawa suka yi ta sayowa. Amma likitocin da ke nan sun sani, cikin waɗanda aka kwantar, kaɗan ne ke buƙatar wannan na'ura, kuma tana son ƙwararre a kanta dare da rana, da wutar da ba ta ɗaukewa. Abin da mafi yawa ke buƙata shi ne iskar oksijin ta ɗan bututu a hanci ko ta abin rufe fuska. A watan Afrilu da Mayun 2021 Indiya ta kai ana samun sama da mutum 400,000 da suka kamu a rana guda, mutane suna mutuwa a ƙofar asibiti a Delhi saboda iska ta ƙare. Ƙasar kuwa tana da masana'antun da ke samar da oksijin mai yawa, domin masu narka ƙarfe da matatun mai suna amfani da ita kullum. Gwamnati ta hana amfani da ita a mafi yawan masana'antu, kamfanoni irin su Tata Steel da Reliance suka juya tasu zuwa asibitoci. Sai matsala ta koma hanya. Da yawan masana'antun ƙarfen suna gabashin ƙasar, buƙatar tana Delhi da yamma, kuma oksijin mai ruwa sai a cikin tankoki na musamman masu tsananin sanyi, waɗanda ba su da yawa. Sai da aka ɗora tankokin a kan jiragen ƙasa, sojojin sama suka riƙa kwasar waɗanda aka juye suna mayarwa don a rage kwanakin tafiya.

Ku duba wannan da kyau. Kayan na hannun ɗan kasuwa, ikon ba da umarni da layin dogo na hannun gwamnati, majinyacin kuma yana kwance a asibitin gundumar da ba shi da bututun da zai karɓi iskar ko da ta iso. Kowace gunduma a duniya za ta iya zama yau ta ƙirga: masana'antu nawa ke samar da iska kusa da mu, tukwane nawa muke da su, wa ke gyara abin daidaita iskar idan ya lalace, mota nawa za ta iya dako. Kuma wannan ƙirga ba ta jiran annoba kafin ta biya kanta. Ciwon sanyin haƙarƙari yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar dubban ɗaruruwa kowace shekara, kuma iskar nan ɗaya ce suke buƙata.

Allurar riga-kafi ba zan daɗe a kanta ba, kun ji labarinta da yawa. Kashin farko na shirin COVAX, wato shirin raba wa ƙasashe allurar korona, ya sauka a Gana ranar 24 ga Fabrairun 2021, allurai 600,000 da kamfanin Serum na Indiya ya yi. Bayan 'yan makonni Indiya ta tsayar da fitarwa saboda halin da ta shiga, ƙasashen da suka dogara da masana'anta ɗaya suka zauna jira. Da alluran suka zo daga baya, wasu saura kwanaki su lalace. Malawi ta ƙone kusan 20,000 a watan Mayu. Kai allura filin jirgi abu ɗaya ne, kai ta hannun mutum a ƙauye wani abu ne daban. A Gana ɗin dai kamfanin Zipline ya yi ta kai allurai ƙananan asibitoci da jirage marasa matuƙi, kuma ya iya hakan ne domin tun 2019 yake kai musu jini da magunguna bisa yarjejeniya da gwamnati.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waɗanda annoba ta kashe ba tare da ta taɓa su ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Agustan 2020 ya nuna kashi 90 cikin 100 na ƙasashe 105 sun sami tsaiko a ayyukan lafiya na yau da kullum. Yara miliyan 23 ba su sami cikakken riga-kafinsu ba a 2020. Masu tarin fuka da aka gano suka ragu daga miliyan 7.1 zuwa miliyan 5.8 cikin shekara guda, ba don cutar ta ragu ba, don ba a gwada su ba ne. Ungozoma ba ta da safar hannu, an ɗauke ma'aikacin jinya ɗaya tilo an kai shi cibiyar killace masu korona, mai ciki ta zo ta tarar da ƙofa a kulle. Kuɗin gudummawa kuwa ya fi tafiya ga manyan tantuna da gine-gine a manyan birane, waɗanda da cutar ta lafa aka naɗe wasu, wasu suka zama kango. Ina roƙon masu hali da ke cikinmu: idan za ku ba da, ku je ku tambayi mai kula da ƙaramin asibiti abin da ya rasa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa zai ce muku ruwa, ko firji mai aiki da hasken rana, ko alawus ɗin masu aikin dare, ko man motar ɗaukar mara lafiya. Ba abin da za a yanka zare a kansa, amma da su ake haihuwa lafiya a tsakiyar annoba.

Dole kuma in taɓo amana. Gaggawa tana buɗe ƙofar da ɓarawo ke so. A Birtaniya, ƙasa mai tsofaffin hukumomin bin diddigi, babbar kotu ta yanke hukunci a watan Janairun 2022 cewa hanyar musamman da aka buɗe wa kamfanonin da manyan mutane suka gabatar, don samun kwangilar kayan kariya, ta saɓa wa doka. Idan hakan ta faru a can, babu ƙasar da za ta ce ta fi ƙarfinsa. Gwamnati na iya sayen kaya cikin gaggawa ba tare da dogon talla ba, na yarda. Amma kowace kwangila a wallafa ta cikin 'yan kwanaki: sunan kamfani, abin da aka saya, farashi, da asibitin da aka kai. Gudummawa ma haka. Ɗan kasuwa na gari shi ya fi kowa amfana da wannan, don shi ake shafa wa baƙin jinin da wani ya jawo. Kuma linzamin ya zauna a hannun hukumar lafiya, ita za ta ce ga inda buƙata take, domin ita ce jama'a za su iya tuhuma gobe.

Ga jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da gundumomi da ke nan, abin da nake nema a wurinku ba ya cin kasafi. Ku koma ku rubuta sunan kowane asibitin kuɗi da kemis da ɗakin gwaji da ke yankinku, da lambar mai shi, da yawan gadajensa da tukwanen iskarsa. Ku kira su zama sau biyu a shekara. A zaman farko ku ba su lambar da za su kira da tsakar dare, ku sa wanda zai ɗauka, sannan bayan mako guda ɗayanku ya kira ta da ƙarfe biyun dare ya ji ko an ɗauka.

Shugaban taro, na ga lokaci ya tafi, kuma akwai hannuwa a sama daga can baya. A miƙa wa 'yar uwar nan mai fararen kaya abin magana, mu fara da ita.