Yadda tafiyar mai ganga ta gina Two Door Cinema Club

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu Bangor, wani gari a bakin teku a Ireland ta Arewa, kimanin kilomita 20 daga Belfast, inda samari uku suka kafa ƙungiyar waƙa a shekarar 2007 suka sa mata suna Two Door Cinema Club. Su ne Alex Trimble mai rera waƙa da kaɗa jita, da Sam Halliday mai babbar jita, da Kevin Baird mai jitar bes, wato mai kaurin muryar nan da ke riƙe gindin kiɗa. In kun lura da lissafin, babu mai ganga a ciki. Wannan giɓin shi ne abin da nake so mu tsaya a kansa, domin a ganina shi ya yi su.

Tun suna 'yan makarantar sakandare suke kiɗa tare. A lokacin su huɗu ne, har da mai ganga, kuma sunansu Life Without Rory. Suna da kimanin shekara 16 suka shiga wata gasar matasan makaɗa da BBC ta Ireland ta Arewa ta shirya a talabijin, suka zo na ƙarshe. Daga baya mai gangar ya kama gabansa. Sauran ukun ba su zauna jiran wani ba. Suka ɗauko kwamfutar tafi-da-gidanka, Trimble ya riƙa tsara bugun ganga a cikinta, suka sake suna. Sabon sunan daga wani ƙaramin gidan sinima da ke yankinsu ya fito, mai suna Tudor, wanda furucinsa ke kama da "Two Door".

Wanda bai san aikin ba zai ce ai sun samu sauƙi, na'ura ta ɗauke musu wahala. Ni ban yarda ba. Mai ganga ɗan Adam yana da kunne. In mawaƙi ya makara da numfashi ɗaya zai jira shi, in jama'a sun ɗauki zafi zai ƙara wuta, in wani ya yi kuskure zai rufa masa asiri ba tare da kowa ya gane ba. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Da zarar an danna ta, ta tafi ke nan, ba ta waiwaye, ba ta sassauci. Wanda ya yi sake da daƙiƙa guda, kowa a zauren zai ji. Saboda haka dole ukun nan suka koyi kiɗa daidai wa daida, kowane yatsa ya sauka a lokacinsa. Ku kwatanta dandalin a ranku: ƙaramin zaure, samari uku da jita a wuya, Trimble da jan gashinsa a tsakiya, gefe guda kuma kwamfuta a buɗe a kan teburi, a wurin da ya kamata a ga mutum zaune da sanduna biyu.

Sannan rashin ya shiga cikin waƙoƙin kansu. Tun da bugun na'ura ba ya hawa ba ya sauka, sai ya zama jita ce za ta kawo motsi. Halliday ya riƙa kai yatsunsa can ƙarshen wuyan jita, inda sauti ke fita siriri, yana tsinkar wayoyin da sauri, gajeru gajeru, kamar yayyafi a kan kwano. Baird na bin bugun a ƙasa, ana kuma cike tsakani da fiyanon lantarki mai haɗa sauti. Abin da ya fito ya tsaya tsakanin kiɗan jita na Turawa da kiɗan rawa na na'ura. A kunnena, akwai wuraren da jitar Halliday ke tuna mini da hailaif na Afirka ta Yamma, ko da yake wannan jin kaina ne.

A 2008 suka fitar da ƙaramin faifai da kansu, suka sa waƙoƙinsu a MySpace, wanda a lokacin shi ne kasuwar matasan mawaƙa a intanet. Da suka ga mutane na saurare, sai suka ajiye guraben karatun jami'a da suka samu, suka shiga mota suna bin garuruwa. Wannan mataki ba ƙarami ba ne ga yaro ɗan shekara 18, kuma ina jin iyayensu ba su yi barci mai daɗi ba a watannin farko.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda taimako ya fito. Kamfanin da ya ɗauke su na Faransa ne, Kitsuné, da ke birnin Faris, wanda ke sayar da tufafi yana kuma fitar da faya-fayan kiɗan na'ura. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Gildas Loaëc, ya daɗe yana aiki da Daft Punk, wasu fitattun makaɗan na'ura biyu na Faransa. Mutanen da kunnensu ya saba da bugun na'ura su suka fara gane abin da yaran Bangor ke yi. Da a ce mai gangarsu bai tafi ba, da wuya kiɗan ya dace da wannan gida. A 2009 Kitsuné ta fitar da waƙarsu ta farko. A shekarar ne kuma suka shiga situdiyon Eastcote a Landan tare da furodusa Eliot James suka naɗi kundi, aka kai wasu waƙoƙin Faris wurin Philippe Zdar ya tace sautinsu, mutumin da ya yi aiki da ƙungiyar waƙa ta Faransa mai suna Phoenix a kundinta da ya ci kyautar Grammy.

Kundin ya fito a farkon 2010 da suna Tourist History. Waƙa goma ne, duka-duka ba su wuce minti 33 ba. Sunan na da alaƙa da garinsu. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Bangor a 1865, garin ya zama wurin da mutanen Belfast ke zuwa shan iska a bakin ruwa, har zuwa lokacin da jirgin sama ya yi araha, masu hutu suka koma ƙasashe masu rana, garin ya yi sanyi. A irin wannan wuri suka tashi. Kuma ku tuna an haifi Trimble a 1989, yana yaro ƙarami aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, wadda ta kawo ƙarshen rikicin Ireland ta Arewa da ya ci rayuka fiye da 3,500. Mawaƙan Belfast na shekarun 1970 sun yi waƙar sojoji da shingayen bincike. Waɗannan kuwa sun yi waƙar barin gida da fargabar abin da ke gaba. Wasu za su ce waƙoƙin ba su da nauyi. Ni dai ina jin daɗin cewa an samu tsarar da wannan ne damuwarta.

Kundin bai yi tashin gwauron zabo ba. Bai shiga sahun goma na farko a Birtaniya ba, a hankali ya riƙa ratsa jama'a, ta hanyar tallace-tallace da bukukuwan kiɗa da yawon da ba ya ƙarewa, har da rakiyar Phoenix a Amurka. Duk wanda ya buga wasan ƙwallo na FIFA 11 a gidan gem, to ya ji muryar Trimble ko bai san sunansa ba, domin akwai waƙarsu a ciki. Da zauruka suka ƙara girma, sai suka ɗauki mai ganga, Benjamin Thompson, yana raka su dandali. Amma shi ya bi salon da na'ura ta riga ta shimfiɗa, kuma ƙungiyar ta ci gaba da zama ta mutum uku.

A watan Maris na 2011 aka ba kundin kyautar Choice Music Prize, ta kundi mafi kyau na shekarar 2010 a tsibirin Ireland baki ɗaya, Kudu da Arewa. Kuɗin kyautar Yuro 10,000 ne. Suka miƙa shi ga Abaana, wata ƙungiyar agaji ta garinsu Bangor da ke taimaka wa yara a Yuganda. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, a Yulin 2012, Trimble ya tsaya ya rera waƙa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan, yana da shekara 22, kuma kundinsu na biyu da ya fito 'yan makonni bayan bikin ya hau mataki na ɗaya a Ireland, na biyu a Birtaniya.