Daren Kiɗan Gargajiyar Ayalan a Lokacin Kirsimeti

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Wannan titi da kuke gani a birnin Dablin yake, babban birnin ƙasar Ayalan, kuma duk da duhun da ya lulluɓe shi, ƙarfe biyar na yamma ba ta cika ba tukuna. A tsakiyar watan Disamba rana ba ta fitowa a nan sai wajen takwas da rabi na safe, ta kuma faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu. Dusar ƙanƙara ba ta cika zuba ba, amma akwai wani sanyi mai laima da yayyafin da ba ya yankewa, irin wanda ke ratsa riga ya taɓa ƙashi. A irin wannan dare ne za mu bi sahun jama'a zuwa zauren da makaɗan gargajiya za su yi wasa, domin mu ga yadda abin yake, mu kuma san abin da ya kamata kunne ya nema idan an fara.

Kafin mu shiga, ku dubi mutanen da ke kan layi, domin da yawansu ba su daɗe da sauka daga jirgi ba. Ayalan ƙasa ce da ta saba da rabuwa da 'ya'yanta. Babbar yunwar da ta faro a 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan kuma suka tsallaka teku, kuma tun daga nan ƙaura ba ta tsaya ba, yau Amurka, gobe Ingila, jibi Ostireliya. Kiɗan ma ya bi su, har ya zama ɗaya daga cikin manyan kundayen da suka adana shi a Shikago aka haɗa shi, inda shugaban 'yan sandan birnin, Francis O'Neill, haifaffen yankin Cork, ya wallafa karin kiɗa guda 1,850 a shekarar 1903. Kirsimeti shi ne lokacin da na nesa ke dawowa gida. Tsohuwar al'adarsu ita ce a kunna kyandir a taga a daren jajibere domin baƙo ya san akwai masauki, kuma da Mary Robinson ta zama shugabar ƙasa a 1990 sai ta sa fitila a tagar fadar shugaban ƙasa saboda waɗanda ke ƙetare. Don haka idan kuka ga dattijuwa tana share ƙwalla a tsakiyar kiɗa mai sanyi, ga ɗanta da ya shekara biyu bai zo ba zaune a gefenta, kada abin ya ba ku mamaki.

Wuraren wasan iri-iri ne. Akwai Babban Zauren Kaɗe-kaɗe na Ƙasa da ke Earlsfort Terrace, wanda aka buɗe a 1981 kuma yake ɗaukar mutum kusan 1,200, akwai coci-coci da ake ba da aronsu na dare guda, akwai kuma ƙananan zauruka a garuruwan yamma kamar na Clare da Galway da Donegal. Galibi ƙarfe takwas ake farawa, kuma tikitin makon Kirsimeti da wuri yake ƙarewa. A ganina, wanda ya sami zaɓi ya nufi ƙaramin zaure, domin manyan wasannin da ake yi wa ado da fitilu da hayaƙi suna ƙayatar da ido, amma sukan rufe ƙananan abubuwan da wannan kiɗa ya ginu a kansu.

Ga dandamalin. Kujeru biyar ko shida ne aka jera kamar rabin da'ira, babu takardar kiɗa a gaban kowa, babu kuma wani mai sanda da zai tsaya yana ba da umarni. Dalili shi ne asalin wannan kiɗa na bakin murhu ne, na ɗakin girki da wuraren rawar ƙauye, da ka ake haddace shi, daga kunne zuwa kunne ake gadonsa. Hawansa babban dandamali bai daɗe sosai ba. Wanda aka fi danganta wannan sauyi da shi shi ne Seán Ó Riada, wanda ya tara makaɗan gargajiya ya tsara musu yadda za su riƙa karɓar juna, ya sa musu baƙaƙen kwat, ya kai su gidan wasa na Gaiety a Dablin a 1969, a zamanin da mutanen birni da dama ke yi wa wannan kiɗa kallon abin ƙauyawa. Daga cikin mutanensa ne Paddy Moloney ya fito, wanda ya kafa ƙungiyar The Chieftains a 1962 ta kuma kai kiɗan ko'ina a duniya.

Yanzu ku matso mu dubi mutumin da ke zaune a tsakiya, wanda ya fi kowa daɗewa yana shiri. Abin da yake ɗaurawa a jikinsa sunansa uilleann, daga kalmarsu ta gwiwar hannu, kuma ba da baki ake hura shi ba. A ƙarƙashin hannunsa na dama akwai ɗan zugazugi irin na maƙera, an ɗaure shi da maɗauri a ƙugu da kuma damtse, yana tura iska cikin wata jakar fata da ke matse a hammatarsa ta hagu. Daga jakar iska ke bi ta cikin bututun da yatsu ke wasa a kansa, mai amo kusa da na algaita amma ya fi shi laushi da kaifin baƙin ciki. Aikin da mai algaita ke yi da kumburarren kumatu domin kada sautin ya yanke, shi jakar ke yi a nan. A kan cinyarsa kuma wasu bututu uku ne kwance suna gunji ɗaya ba tsayawa, sannan wasu ukun masu maɓallai, waɗanda yake dannawa da wuyan hannu yayin da yatsun ke can suna aikinsu. Ku lura da ɗan ƙyallen fata da ya shimfiɗa a gwiwarsa, a kansa yake dafa bakin bututun ya toshe shi, idan ya ɗaga sai amon ya buɗe kamar an yaye labule. Abin ba ya shiri da sauyin yanayi, shi ya sa idan aka shigo da shi daga sanyin waje zuwa ɗumin zaure sai mai shi ya yi ta gyara yana ba jama'a haƙuri cikin raha. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan busa cikin jerin al'adun gado na duniya, bayan shekara biyu kuma ta ƙara da kiɗan haf, wato abin kiɗan nan mai tsirkiyoyi da yawa wanda hotonsa ke kan kuɗin ƙarfen ƙasar da fasfo ɗinta.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai goge irin na Turawa mai tsirkiya huɗu, akwai sarewar katako da ake busawa a karkace, da 'yar ƙaramar sarewar ƙarfe mai huda shida wadda da ita yara ke fara koyo, da akodiyon, wato abin kiɗan da ake ja ana matsewa kamar zugazugi, da ƙanwarsa konsatina. Gangar ce take da labari. Sunanta bodhrán, fatar akuya ce aka ɗaura a kan zoben katako mai faɗin faifai, ana kaɗa ta da ɗan guntun sanda mai kai biyu, ɗaya hannun kuma yana cikinta yana danna fatar domin sauya murya. Kafin ta sami gurbi a dandamali an fi saninta da ranar 26 ga Disamba, ranar da samari ke shiga suturar busasshiyar ciyawa su rufe fuska su bi gida-gida da kiɗa suna karɓar kuɗi da sunan wani ɗan ƙaramin tsuntsu, kusan yadda yara ke tashe a cikin azumi. Har gobe ana yin wannan a garin Dingle da ke yankin Kerry, saboda haka wannan ganga ta fi duk sauran kayan kusanci da Kirsimeti.

To, an fara, kuma a nan ne baƙo kan ruɗe, ya ce ai abu ɗaya suke ta maimaitawa. Gaskiya ne ana maimaitawa, amma da tsari. Yawancin kari gaɓa biyu gare shi, a kaɗa ta farko sau biyu, ta biyu sau biyu, sannan a koma farko a sake zagayowa, sau da yawa har zagaye uku. Dukan makaɗan kari ɗaya suke bi tare, sai dai kowa da irin kwalliyar da yake yi masa, wannan ya murɗa sauti ɗaya ya zama uku, wancan ya tsallake wani wuri ya ja numfashi, kuma gwani ba ya bin hanya ɗaya sau biyu. Idan ƙafarku tana ƙirga uku-uku, jig ake yi, idan kuwa huɗu-huɗu ne da gudu, ril ne. Abin da ya kamata ku jira shi ne ƙarshen zagaye na uku. Mai goge zai ɗaga gira ko ya ɗan ɗaga ƙafa, kuma ba tare da an tsaya ba sai duk su faɗa wani sabon kari a wata murya dabam, kamar mahaya sun juya linzami lokaci ɗaya. A daidai nan za ku ji wani daga bayan zaure ya yi ihu ya ce "hup", wani ya ce "maith thú", wato madalla da kai, kuma babu mai hararsa, domin yabo ne da makaɗan ke jira. Abin da ba su cika so ba shi ne tafi bisa kiɗa tun daga farko har ƙarshe, saboda tafin taro yakan ja baya ko ya yi gaba ya dagula musu lissafi. Ƙafa ake bugawa a hankali, a ajiye tafi sai an sauke.

Bayan wannan zafi sai a rage fitila, kowa ya ɗora abin kiɗansa a cinya, mutum ɗaya ya rufe ido ya fara waƙa babu rakiyar komai. Wannan salo shi ne sean-nós, ma'ana tsohon yayi, da harshen Ayalan ake yin sa, kuma ya fi ƙarfi a yankuna irin su Connemara inda har yanzu harshen ke raye a bakin mutane. Mawaƙin ba ya motsi, ba ya ɗaga murya don burgewa, yana jan gaɓar kalma ɗaya yana lanƙwasa ta, numfashinsa ne kawai ma'aunin lokaci. A wasan Kirsimeti a nan ake kawo waƙoƙin haihuwar Yesu Almasihu, kuma wadda ba a cika rasawa ba ita ce ta yankin Wexford, wadda William Grattan Flood, mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan coci, a garin Enniscorthy, ya rubuta daga bakin mutanen wurin. A ƙauyen Kilmore na wannan yanki maza shida ne ke rera waƙoƙinsu na Kirsimeti a coci ba tare da kiɗa ba, al'adar da ta faro tun ƙarni na 18. Shirun da ke sauka a zauren a wannan lokaci yakan kai a ji ruwa na ɗiga a kan rufi, kuma wanda wayarsa ta yi ƙara a nan zai so ƙasa ta tsage ya shige.

Akan yi ɗan hutu a tsakiya, a sha shayi a gaisa da waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Kashi na biyu ya fi sauri, kuma a cikinsa ne ake shimfiɗa ɗan allon katako a gaban makaɗa, mai rawa ya hau da takalmi mai taurin ƙasa, ƙafafunsa su zama wata gangar ta biyu. Idan aka yi sallama jama'a ba sa yarda, sai sun miƙe suna tafi har makaɗan su dawo su ƙara jeri ɗaya na ril, wanda yawanci shi ne mafi gudu a daren. Daga nan kowa ya ɗauki rigar sanyinsa. Waɗanda suka san gari ba gida suke nufa ba, sukan bi bayan mai goge da akwatinsa zuwa wata mashaya da ke kusa, inda wanda ba ya shan giya zai iya karɓar shayi ko lemo ya sami kujera, makaɗan kuma su zauna kewaye da teburi ɗaya suna fuskantar juna, babu tikiti babu lasifika, su ɗauko kari daga inda suka ajiye.