Tsagar da ta taso da karcen da ya nutse: lacca kan tsohuwar dalar azurfa

Assalamu alaikum, jama'a. Wannan da ke hannuna dalar Amurka ce ta azurfa, wadda ake kira Morgan, da sunan George Morgan da ya zana ta. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. A miƙa wa na baya su taɓa, amma don Allah a riƙe ta ta gefe.

Yadda ake yin ta, hatimin ƙarfe biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su matse azurfar da ƙarfi. Yau da gobe hatimi ya gaji, ya tsage. Da ya tsage, azurfa sai ta kutsa cikin tsagar. Shi ya sa alamar tsagewar hatimi tasowa take yi a jikin kuɗin, kamar jijiya a bayan hannun tsoho. Karce kuwa, wanda wuƙa ko ƙasan aljihu ya yi, nutsewa yake. Ku sa gilashin ƙara girma mai ninki goma, ku karkata kuɗin gefen fitila. Tsaga tana bin hanyarta a karkace, ta bi ta kan haruffa, kuma duk kuɗin da wannan hatimi ya buga bayan nan zai fito da ita a wuri ɗaya, sai dai ta ƙara tsawo.

Akwai ta 1888 da aka buga a garin New Orleans, mai harafin O a ƙarƙashin mikiyar da ke bayan kuɗin. Tsagar ta taso daga gefen kuɗin ta ratsa hancin matar da hotonta ke gaban kuɗin har kumatu, kai ka ce wanzami ne ya yi mata tsagar gado. Masu tarawa suna ce mata Scarface, wato mai tabo a fuska, kuma tabon ne ya sa ta tsada.

Ba kowane bambanci ne tsaga ba. A 1878 an fara da mikiya mai gashin wutsiya takwas, aka koma bakwai, har wasu suka fito da bakwai a kan tsofaffin. A 1900 kuma akwai O da aka buga a kan CC, alamar gidan buga kuɗi na garin Carson City. Leroy Van Allen da George Mallis ne suka bi irin waɗannan suka ba su lambobi, shi ne VAM, daga haruffan farkon sunayensu.

Wani ya tambaye ni ɗazu game da liyari da kakanninmu suka sani. Ita ta Ostiriya ce, mai hoton Mariya Tereza, kuma 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, an yi ta bugawa da wannan shekara har bayan ƙarni. Wanda ya gaji ɗaya a kwallar kakarsa, kada ya goge ta da toka. Ya kawo ta yadda take bayan sallar La'asar mu duba tare.