Fodkas Daga Katsina: Yadda Jiki Ke Sarrafa Sinadarin Ƙarfe

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, daga birnin Katsina muke gaishe ku. Likita, da yawanmu da zarar mun ji kasala sai mu nufi kemis mu sayi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Shin duk abin da aka sha jiki yana ɗauka?

Likita: Ko kusa, Hajiya. Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jajayen ƙwayoyin jini, amma abin da farkon ƙaramin hanji yake tsotsa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Sauran buƙatar daga tsofaffin ƙwayoyin jini take fitowa, domin idan suka yi kusan kwana 120, saifa da hanta kan farfasa su, furotin ɗin tiransfarin ya kwashi ƙarfen zuwa ɓargo a sake gina sababbi.

Hajiya: To, mai cin tuwon dawa da miyar zogale fa?

Likita: Yana samu, sai dai ƙarfen nama da hanta ya fi saurin shiga. Na gero da wake da ganyaye yana son abokin tafiya mai bitamin C, kamar lemun tsami ko tumatir, shayi kuwa tare da abinci rage tsotsarsa yake yi.

Hajiya: Masu shayin bakin titi ba za su gode maka ba. Wa ke ƙayyade adadin da zai shiga?

Likita: Hanta ce, ta hanyar sinadarin hefsidin da aka gano wajen shekarar 2000. Aikinsa kamar na mai tsaron Ƙofar Ƙaura ne a zamanin ganuwa: idan rumbun ƙarfen jiki ya cika ya rufe ƙofar hanji, idan ya ragu ya buɗe. Zazzaɓin cizon sauro ma yana sa ya rufe, shi ya sa yaro mai zazzaɓi zai sha maganin ƙarfe amma kaɗan ya shiga.

Hajiya: Idan ƙarfen ya yi yawa, ba ya fita ta fitsari?

Likita: Nan ne haɗarin yake, ranki ya daɗe, domin jiki ba shi da hanyar fitar da rarar. Mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, kowace leda tana zuba masa kimanin miligiram 200 kai tsaye ba ta hanji ba, rarar ta taru a hanta da zuciya. Don haka ba a ba shi maganin ƙarfe sai an gwada feritin ɗinsa, wato furotin ɗin da ke ajiye ƙarfe a jiki.