ALARM:8 a injin CNC: kafin ka sayi sabon makunni, duba Pn

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a. Kwanakin nan tambaya ɗaya ke ta dawowa daga masu ƙananan injinan sassaƙa irin 3018, waɗanda ke zana alluna da ƙawata ƙofofin katako a nan Maradi. Mutum ya sa makunnan iyaka, wato waɗanda ke sanar da inji cewa ya kai ƙarshen tafiyarsa, ya rubuta umarnin $H domin inji ya koma gida, sai kan injin ya ɗan motsa kamar faɗin farce, ya tsaya cak, ALARM:8 ta fito. Ya sayi sabon makunni, ya canza waya, matsala tana nan daram.

Ku dubi yadda lafiyayyen inji ke yi. Layukan tafiyarsa uku ne: X hagu da dama, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa. Z ce ke fara hawa sama, don kada bakin yanka ya karci aiki. Ta taɓa makunni, ta ja baya, ta sake matsowa a hankali, ta sake ja baya. Sannan X da Y su tafi tare. Kafin haka dole saitin $22 ya zama 1, in ba haka ba GRBL, manhajar da ke cikin allon sarrafa injin, ba zai karɓi $H ba.

To ga wurin da ake tuntuɓe. Ku cire hannu daga $H tukuna. A manhajar Universal Gcode Sender, ku kunna zaɓin da ke nuna duk saƙonnin da allo ke aikowa, ku duba layin rahoto. Abin da muke nema haruffa biyu ne, Pn, inda allo ke nuna makunnin da yake ji a danne. Idan babu makunnin da aka danna, bai kamata a ga X ko Y ko Z a gaban Pn ba. Yanzu na sa yatsa a makunnin X, kun ga Pn:X ta fito. Na saki, ta ɓace. Haka za a bi sauran biyun ɗaya bayan ɗaya.

Amma a injin da ke ba da ALARM:8, ga abin da ake gani: Pn:XYZ tun ba a taɓa komai ba. Kuma da zarar ka danna makunni sai harafinsa ya ɓace. Wato allon yana jin komai a juye. A wurinsa an riga an danne makunnin Z, saboda haka yake ja baya milimita 1 don ya saki, ya duba ya ga har yanzu a danne, ya tsaya. Ma'anar ALARM:8 ke nan: na ja baya, makunni bai saki ba.

Me ya jawo? Juya makunnin ka ga ƙafafunsa uku: COM, NO, NC. Idan ka haɗa COM da NO, hanya a buɗe take sai an danna ta rufe. Idan ka haɗa COM da NC, hanya a rufe take sai an danna ta yanke. GRBL daga tushe NO yake tsammani, wato $5=0. Wanda ya yi amfani da NC dole ya rubuta $5=1, ya kashe allon ya sake kunnawa. Shi ke nan maganin, ba a kashe ko dala ba. Idan kana shakkar wace ƙafa aka like, sa mitar gwajin lantarki a kan ƙara: ta yi kuka ba a danna ba, NC ce.

Abu biyu na biye da wannan, ku riƙe su da kyau. Na farko, $5 yana shafar duka ƙafafun iyaka uku lokaci guda. Ba a yin X da NC, Z da NO. Kuma in kana kan $5=1 alhali wani layi ba shi da makunni, sai ka haɗe ƙafarsa da GND, wato ƙafar negetif ta allon, in ba haka ba kullum a danne allon zai gan shi. Na biyu ya shafi masu makunni biyu a layi ɗaya, ɗaya kowane ƙarshe. A allon CNC Shield V3, X+ da X- a ƙasa haɗe suke, ƙafa ɗaya ce ta Arduino. Da NO ba laifi, soka kowanne a wurinsa. Da NC kuwa, in ka soka su haka, ka danna ɗaya ɗayan yana riƙe da hanya, allo ba zai taɓa ji ba, inji ya je ya bugi bango yana gurnani. Na NC jere ake haɗa su, wayar wannan ta shiga wancan, a soka a rami ɗaya.

Ni dai NC nake ba da shawara. Wayoyin nan suna lanƙwasa duk lokacin da inji ke tafiya, wata rana sai ɗaya ta tsinke. Da NC, tsinkewa tana nunawa nan take kamar an danna, inji ya tsaya. Da NO ba za ka sani ba sai ka ji karo.

Idan X da Y suna amsawa a Pn amma Z shiru, kada ka zargi makunnin. A GRBL 1.1 ƙafar iyakar Z ta koma ƙafar D12 ta Arduino, an bar D11 wa saurin injin yanka, alhali rubutun tsohon allon V3 yana kan tsohon tsari. Soka wayar Z a ramin da aka rubuta SpnEn.

Sauran da sauri. Pn tana daidai amma ALARM:8 na nan? Milimita 1 bai isa hannun makunnin ya saki ba, mai da $27, saitin nisan ja baya, zuwa 2 ko 3. Lokacin hunturu kuma, ƙura da garin katako kan cushe ƙarƙashin hannun, ya danne ya ƙi dawowa. Akwai wanda hura shi kawai aka yi ya dawo yana ƙas-ƙas. ALARM:9 na nufin ya nema bai samu ba: ko $130 zuwa $132, saitin tsawon tafiyar X, Y da Z, sun gaza tsawon injin, ko ya nufi ɓangaren da ba makunni. Kafin ka taɓa $23, saitin ɓangaren da inji ke nufa in zai koma gida, motsa kowane layi da maɓallan manhaja ka tabbatar Z+ sama take yi, X+ dama. In a juye suke, $3 za ka gyara. Bayan nan ne $23: 1 na juya X, 2 Y, 4 Z, ana tara su. Makunnai a gaba ta hagu, 3 ke nan.

Akwai kuma ALARM:1 da ke faɗowa tsakiyar aiki, kan inji na tsakiyar katako nesa da kowane makunni, galibi daidai lokacin da injin yanka ya tashi. Hayaniyar lantarki ce ke shiga doguwar wayar makunni. Raba ta da wayar injin yanka, kada a ɗaure su tare. Sa rizista 4.7k daga ƙafar iyaka zuwa 5V, da kondansa 100nF daga ƙafar zuwa GND, kusa da allo. Waya mai rigar ƙarfe ta fi, a haɗa rigar da GND ta ɓangaren allo kaɗai. Wasu kan mai da $21, saitin da ke tsayar da inji in an taɓa makunni, zuwa 0 su huta, amma ka cire wa inji birki ke nan. In dole ne, kunna $20=1, iyakar da GRBL ke tsarewa da lissafi, bayan ka auna tsawon kowane layi da kyau.

Yanzu hannu ɗaya kusa da maɓallin tsayarwa, rubuta $H. Z ta hau, ta taɓa, ta ja baya. X da Y sun bi. Idan lambobin matsayin inji sun fito da alamar ragi, kada ka damu, haka GRBL ke lissafi bayan komawa gida. Sifilin aikinka daban ne, a kan katakon za ka sa shi.